Kan Keken Surukina

Shekara goma sha tara ke nan ina gyaran keke a Haɗeja, ƙarƙashin wata darbejiya kusa da inda ake sauke kifi. Ni mutum ne mai faɗa a kan aiki, kowa ya sani. Ka kawo mini keke ka ce in ɗaure maka birki da igiya, sai in miƙa maka abinka in nuna maka hanya. Amma sau ɗaya na taɓa yin aikin da na san ɓarna ne tun kafin in ɗauki sifana. Na yi shi da hannuna, na ɗaure shi tam, har na bi shi da tsumma na goge. Wanda na yi wa kuwa surukina ne, mahaifin matata Huseina.

Sunansa Fannami. Allah ya sa a takarda na faɗa, don bakina bai taɓa furta sunan nan ba, Baba nake cewa. Babarbare ne. Mahaifinsa daga bakin Tafkin Chadi ya biyo ruwa da kwale-kwale har ya yada zango a Tudun Ɓaure, wani ƙauye da ke cikin fadama, tafiyar rabin awa daga gari a keke. Ƙauyen yana cin shinkafarsa ne albarkacin jinga, wato dogon tudun ƙasa da mutane suka tara a bakin kogi don tare ambaliya. Baba ne mai duba jingar. Da damina ta yi nisa, kullum bayan asuba zai bi ta daga wannan kai zuwa wancan, yana neman ramin gafiya da inda ƙasa ta fara jiƙewa ta baya. Ba aikin albashi ba ne, gadon mahaifinsa ne, kuma shekararsa talatin da ɗaya yana yi. In ka raba shi da aikin nan, ka raba shi da abin da yake tashi dominsa da safe.

A tsakiyar daminar bana tsohon baƙin kekensa ya karye gida biyu, ya gaji da duniya. Huseina, da yake tana sana'ar bandar kifi kuma hannunta a sake yake kan mahaifinta, ta sayo masa keke mai giya, na gwanjo, mai manyan tayoyi masu kaushi, irin wanda aka ƙera don hawa tudu da gangare. Ni na zaɓa, ni na wanke masa sarƙa na sa mai. Aibinsa ɗaya, in aibi ne: kansa miƙaƙƙen ƙarfe ne da ke ƙasa-ƙasa, dole mai hawa ya sunkuya.

Makon farko sai sam barka. Baba yana haye jinga kamar ana tura shi ta baya, yana gama zagaye kafin a sauke koko. Sai ga Arɗo Manu.

Arɗo Manu Bafulatani ne, rugarsa tana bayan jingar, dab da inda hanya ta karya kwana. To, kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne. Su biyun nan sun fi shekara arba'in suna wannan tsiya, ba wanda ya taɓa kayar da wani. Ran nan Arɗo yana tsaye kan jinga, ya rataya sanda a kafaɗa, sai ya hango Baba tafe a sunkuye. Ya gyara tsayuwa, ya jira har ya iso.

"Madalla," in ji Arɗo. "Shekara arba'in ina jiran wannan rana. Tun daga nesa ka fara rusuna mini. Na amsa, bawana, tashi."

Baba ya taka ya wuce bai rama ba, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Kashegari Arɗo ya zo da buzu ya shimfiɗa a wurin, ya zauna yana jiran gaisuwa. Rana ta uku ya gayyato 'yan'uwansa biyu su shaida. Rana ta huɗu Baba ya turo keken har gindin darbejiyata.

Na jefar da tayar da nake liƙewa, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, ya buga kan keken da tafin hannu.

"Malam Sa'idu, ɗaga mini wannan."

Na kwance, na ɗaga kamar faɗin yatsa biyu. Gaskiya wannan ɗagawar ma ta dace, don kan ya yi wa dattijo ƙasa da yawa. Ya hau, ya gwada zama, ya sauko.

"Ƙara."

Na ƙara har na kai zanen da maƙeran keken suka yi a jikin ƙarfen, alamar kada a wuce nan.

"Ƙara."

"Baba, ƙarfen ya ƙare."

"Ba mai walda a garin nan?"

A nan ne ya kamata in yi magana. Keke irin wannan, nauyin mai hawa rabuwa yake yi tsakanin tayar gaba da ta baya. In kai ya yi ƙasa ainun, gadon baya da wuyan hannu su sha wahala, a gangare kuma mutum yana iya kifawa ta gaba. In ya yi sama ainun, nauyi ya koma baya gaba ɗaya, tayar gaba ta rasa mai danna ta, sai ta riƙa zuwa inda ta ga dama. A kwalta ba lallai ka gane ba. A jinga, inda ake hawa tudu a karya kwana cikin yashi da taɓo, nan take asiri yake tonuwa. Duk na san wannan kamar yunwar cikina. Da wani ne, da ya sha wa'azi har ya gudu ya bar takalminsa. Amma mutumin da ya ba ka 'yarsa, yana tsaye a kanka, ta ina za ka fara ce masa bai san abin da yake yi ba? Na ce, "To, Baba." Na kai wa mai walda, aka ƙara bututu mai tsawon kamu guda.

Baba ya hau ya zauna ƙyam, ƙirji a waje, hula a karkace. Ya yi kyau, ba ƙarya. Ya tafi yana ɗaga wa mutane hannu, ni kuma na koma kan tayata.

Faɗuwar farko a hawan jinga ce. Ya taka feda da ƙarfi, tayar gaba ta miƙe sama kamar akuya ta hango ganyen bishiya, ya sauka ta baya a zaune. Ta biyu a kwanar rugar Arɗo: ya karya kai, tayar ta ƙi bin umarni, ta zame cikin yashi, ya gangara cikin shinkafar mutane. Ta uku ita ce ta ɓata lamari. Ranar an kwana ana ruwa, ya faɗa ta ɓangaren kogi, ya jiƙe sharkaf, hularsa ta bi ruwa, sai masu kamun kifi ne suka tsamo ta da gora. Bai ji ciwo ba, sai gurjewa a gwiwar hannu. Amma mutane sun gani.

Ba wanda ya dubi keken. Shekarun Baba kowa ya duba. Aka fara cewa girma ya zo, hannu ya daina riƙo, ido ya rage. Malam Abdulrahman, shugaban ƙungiyar manoman ƙauyen, mutumin kirki ne, ya zo har gida ya ce ruwa yana ta cikowa, ba a wasa da jinga a watan Agusta. Ya ce ran Juma'a bayan an sauko masallaci za a zauna a duba ko a miƙa aikin ga Khalid, wani matashin manomi mai babur, wanda ma ya fara zagayawa don taimako. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba da kansa ya yarda. Ya jingine keken a bayan rumbu. Ya daina zama a ƙofar gida.

Ran Talata Huseina ta dawo daga ƙauyen, ta ajiye kwanon da ta kai masa, miyar kifin ko taɓa ta ba a yi ba. Ta zauna bakin gado tana share ido da gefen mayafi.

"Baban Umaima, ni na jawo. Da ban sayo keken nan ba, da ba a ga gazawarsa ba. Ya ce mini hannunsa ya mutu."

Na zauna kusa da ita. Sannan na ce, "Hannunsa lafiya lau. Kan keken ne. Ko ni na hau shi a haka, faɗuwa zan yi."

Ta ɗago a hankali. "Wa ya ɗaga kan?"

"Ni."

"Ka san zai kayar da shi?"

"Na sani."

"Kuma ka yi shiru?"

"Surukina ne, Huseina."

Ba zan maimaita abin da ta ce ba. Matata Babarbariya ce, in ranta ya ɓaci Hausa ba ta isarta. Da ta huce, muka zauna neman mafita. In ita ta faɗa masa, zai ce me ta sani game da keke. In lallaɓa in sauke kan a ɓoye, zai gani, kuma Arɗo yana nan da buzunsa. In je in tsaya gabansa in ce Baba ka yi kuskure, wannan kam ƙafata ba za ta kai ni ba. Huseina ta ce, "To, wanda ya ɗaura, shi zai kwance. Tafi wurin Arɗo."

Laraba da hantsi na rufe akwatin kayan aikina na nufi rugar. Na tarar da shi yana cire wa wani maraƙi kaska. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi dariya har ya saki maraƙin, ya riƙe ciki, ya sa na sake ba shi labarin hular. Da na zo kan zaman ran Juma'a, sai dariyar ta ɗauke.

"Khalid mai babur?" in ji shi. "Yaron kirki ne, amma wucewa yake yi fuu. Wancan tsohon Babarbaren da kunne yake duba jinga, yana jin ruwa yana tsiyaya a cikin ƙasa. Shekara uku da suka wuce shi ya gano rami a nan bayan garkena. Da ba don shi ba, da ruwa ya kwashe maruƙana har Gashuwa." Ya ɗauki sandarsa ya dunguri ƙasa. "Kai, ɗan nan, kunyarka ta yi yawa. Gobe bayan la'asar ka zo gidansa da kayan aikinka. Kada ka ce komai sai an tambaye ka."

Alhamis bayan la'asar muka haɗu a zauren Baba. Yana zaune kan tabarma, ya rame a kwana huɗu. Arɗo ya yi sallama ya shigo, ya ajiye ƙwaryar nono, ya zauna ya miƙe ƙafa kamar gidansa.

"Godiya na zo yi," in ji Arɗo. "Da can rusuna mini kawai kake yi. Da ka ga bai isa ba, sai ka je aka yi maka dabara, yanzu in ka iso ƙofata kwanciya kake yi gaba ɗaya, har da birgima. Ko kakana bai samu irin wannan biyayya ba."

Na sunkuyar da kai, ina jiran zaure ya kama da wuta. Baba ya ɗago, idonsa ya kaɗa, karo na farko a makon nan da na ga rai a fuskarsa.

"Tsufa ne ya kayar da ni, ba kai ba, mai bin wutsiyar saniya."

"Tsufa? Na girme ka da damina biyu, jiya na kayar da bijimi. Makon da kake rusuna mini, sau nawa ka faɗi?"

Arɗo ya nuna ni da sanda, ya ci gaba.

"Tsufan a kwana ɗaya ya zo, ranar da aka yi walda? Ga mai sana'ar nan zaune. Tambaye shi."

Baba ya juyo gare ni. "Malam Sa'idu, me ka gani?"

Na gyara durƙuso. Duk bayanin da nake yi wa mutane a gindin darbejiya ya gudu ya bar ni. Sai idona ya faɗa kan tsohon filafilin tuƙa kwale-kwalen mahaifinsa da ke rataye a bangon zauren.

"Baba, in aka loda kwale-kwale, aka tara buhunan duka a baya, me gaban yake yi?"

"Tashi yake yi," in ji shi nan take. "Iska ta riƙa juya shi. Ko yaro ba ya irin wannan lodin."

"In aka tara a gaba fa?"

"Ya caki ruwa."

"To, haka keken yake. Ku ne lodin. Da aka ɗaga kan, kun koma baya gaba ɗaya."

Ya daɗe yana kallon filafilin. Sannan ya tashi, ya fita bayan rumbu, ya turo keken har cikin zaure. Ya hau ya zauna, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ɗan ja kan da yatsu biyu. Tayar gaba ta tashi ba gardama. Ya sake ja, ta sake tashi. Na ga kafaɗunsa sun sauka, kamar wanda aka sauke wa dami.

"Ashe ba hannuna ba ne," ya faɗa a hankali, ba da kowa yake ba. Sai ya dube ni. "Tun ranar ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Ka bar ni na sha ruwan shinkafa har sau uku."

"Kunya ce, Baba."

"Kunyar da za ta karya mini ƙugu, riƙe abarka. Na ba ka 'ya don na ga kana faɗa wa mutane gaskiya a kan aikinka. Ashe ni kaɗai ka ware." Ya turo mini keken. "Cire bututun nan."

Na ji maganar har cikin ƙashina, kuma na ji daɗinta. Na fito da zarto na yanke waldar, na sa wani ƙarfen da na taho da shi. Muka fita bayan gida muna gwadawa: in sauke, ya zagaya, ya ce bayansa, in ɗaga, ya zagaya, in ce tayar gaba. Har na ce masa a'a sau biyu, ƙasa ba ta tsage ba. Muka tsaya a inda kan ya ɗan ɗara sirdi kaɗan. Sunkuyon yana nan, ba kamar na farko ba, amma duk mai ido zai gani.

"Gobe zan zo da buzu," in ji Arɗo.

"Zo da tabarmar masallaci ma," in ji Baba.

Juma'a da sassafe na isa ƙauyen. Labari ya riga ni. Malam Abdulrahman da wasu manoma suna tsaye a kwanar rugar, wai sun zo duba ruwa ne. Khalid ma yana nan, ya riga ya yi zagayensa, ya ce lafiya lau. Kogi ya cika taf, yana lasar ciyawar kacala da ke gindin jinga. Arɗo ya shimfiɗa buzunsa, ya harɗe.

Muka hango Baba daga ƙasan tudu. Ya sauya giya, ya matsa gaba kan sirdi, ya taka. Ni tayar gaba kawai nake kallo, ina karanto duk abin da ya zo bakina. Ta manne da ƙasa har ya haye. Ya miƙo, ya iso yashin kwanar, ya karya kai, keken ya bi shi kamar ya san hanya. Wani a bayana ya ce, "Ikon Allah." Arɗo ya gyara murya, ya ɗaga hannu zai amsa gaisuwa.

Baba bai ko dube shi ba. Ya ja birki a gabansa, ya sa ƙafa a ƙasa, kansa a sunkuye, ya karkata kunne.

"Ku yi shiru," in ji shi.

Aka yi tsit. Ni ban ji komai ba sai kukan kwaɗi. Baba ya nuna gangaren jingar ta ɓangaren rugar, taku uku daga buzun Arɗo. Khalid ya sauka ya yaye ciyawa. Ga rami nan kamar bakin tulu, ruwa yana fita siriri, kuma ba garai yake ba, da jar ƙasa yake fitowa. Kowa a wurin ya san ma'anar wannan: jingar ce take cin kanta ta ciki. Mako biyu Baba yana kokawa da keke maimakon sauraron ƙasa, gafiya kuma ba ta jira shi ba.

Kafin ka ce kwabo wuri ya kacame. Khalid ya tayar da babur ya tafi ɗauko buhuna. Malam Abdulrahman ya tuɓe riga. Arɗo kuwa, da garkensa yake daidai saitin ramin, shi ya riga kowa. Ya wurgar da sanda da malfa, ya zube kan gwiwoyinsa a gangaren, yana cusa taɓo da hannu biyu, goshinsa har yana taɓa ciyawa.

Baba yana tsaye a saman jinga, riƙe da kan kekensa, yana faɗa wa mutane inda za a jera buhu da inda za a nemi bakin ramin ta ɓangaren kogi. Da ya ga aiki ya kankama, sai ya gyara zaman hularsa, wadda har yanzu da tabon ruwa a jikinta. Ya leƙa ƙasa, ya daɗe yana kallon ƙeyar Arɗo.

"Madalla," in ji Baba. "Na amsa, Arɗo. Amma kada ka tashi sai ka toshe."

Arɗo ya ɗago, taɓo har gemu. Sai ya fashe da dariya, ya koma kan aikinsa, mutane suna ta ƙyaƙyatawa da buhuna a kafaɗa.

Malam Abdulrahman ya hauro yana haki, ya tsaya kusa da Baba yana goge hannu a wando.

"Baba Fannami, zaman nan na yau," in ji shi, yana kallon kogi, "maganar ƙaro buhuna za mu yi."

Baba ya gyaɗa kai kawai. Na kawar da ido daga fuskarsa, don wannan kam kunyar da ta dace ce. Ya ɗora ƙafa kan feda.

"Malam Sa'idu, birkin baya yana ɗan ƙara."

"Ba ƙara yake yi ba, Baba, ku ne kuke matse shi da yawa."

Ya dube ni ta wutsiyar ido, ya yi murmushi. Sannan ya sunkuya ya taka, don akwai sauran rabin jinga da bai saurara ba tukuna.